Barewa Mai Lalle a Ƙafa

Hannun surukina na dama bai sake miƙewa ba. In zai amsa gaisuwa, da hagu yake tallabo shi, kamar mai riƙe da jariri. Ni na jawo masa wannan, kuma ba ni na riƙe sandar ba. Zan faɗi yadda aka yi tun daga tasha, domin a can abin ya faro.

Ni ɗan kabu-kabu ne a Tambuwal. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ɗan Turancin da na tsinta a bakin titi. Na taso da saurin hannu. Na taɓa fasa wa abokin sana'ata baki da makullin taya a kan wata tsohuwa mai buhun gero, kowa yana cewa shi ya fara kiranta. Har yau in ya yi dariya ina ganin giɓin. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba, tasha ce, kowa da tabonsa.

Matafiyan da muka saba da su 'yan kasuwa ne, da masu zuwa ziyara Sakkwato, da ma'aikatan da ke komawa gida ranar Juma'a. Sai aka wayi gari ana ganin wasu irin mutane. Ba fatauci ya fito da su ba, ba biki ba, ba gaisuwar mutuwa ba. Kallo kawai. Da farko bas suke cikowa daga Abuja ko Legas, samari da 'yan mata, duk da riga iri ɗaya. Su tsaya su sha fura, su ɗauki hoton raƙumi, su wuce. Mukan yi musu dariya, mutum ya biya kuɗin mota tun daga bakin teku don ya ga raƙumi yana tuƙa. A rediyo ana ta cewa harkar yawon buɗe ido tana bunƙasa, wai 'yan ƙasa sun koma zagaya ƙasarsu tunda fita waje ta yi tsada. Mu dai abin da muka gani shi ne wani ɗan kasuwa ya gyara tsohon gidansa na bakin titi, ya sa fanka da janareta, ya ce masauki ne. Mai shayinmu ma ya fara ɗauraye kofi kafin ya zuba.

Da hanya ta fara ba da tsoro, masu bas suka ragu. Waɗanda suka maye gurbinsu bibbiyu suke zuwa a motar haya, da kyamara a kan sanda. Su ba ruwansu da raƙumi, an riga an ɗauke shi. Abin da ba wanda ya taɓa sa wa a waya suke nema. Wata mata a Abuja mai shirya irin waɗannan tafiye-tafiye ta samu lambata wajen mai masaukin, ta fara turo mini su. Madam nake ce mata, ban taɓa ganin fuskarta ba. Nakan kai su kasuwar Dogon Daji, na kai su wajen maƙera, na kai su gonakin Jabo lokacin yankan dawa.

A nan na koyi abin da ya lalata ni. Na gane ba abin da ke akwai suke so ba, abin da suka zo da shi a ransu suke so. Sai na fara gyara musu duniya. In za a ɗauki mai daka, na ɗauke bokitin roba na ajiye ƙwarya. Na sa maƙeri ya cire agogonsa ya ɓoye wayarsa. Kalmar da na fi faɗa a wannan lokacin ita ce "a sake". Mai sassabe ya sake sara, mai tatsa ta sake tatsa ko da nonon ya ƙare. Ba wanda ya ji ciwo, kowa ya samu na goro, ni kuma na canza babur. Na daina faɗa a tasha, har ana cewa na shiryu.

Wata rana Madam ta kira ta tambaye ni ko har yanzu ana farautar gayya a wajenmu, irin ta kiɗa da karnuka. Ta ce tana da wani babban baƙo daga Legas, mutane da yawa suna bin abin da yake sakawa, in ya ji daɗi sauran za su biyo sawunsa. Amma sharaɗinsa ɗaya, sai an kama babban nama a gaban kyamararsa. Ban tsaya tunani ba na ce ana yi, kuma shugaban mafarautan surukina ne.

Wannan gaskiya ne. Mahaifin matata shi ne mai riƙe da ƙahon farauta a ƙauyensu, can cikin ƙasar Kebbe. Abin da ban gaya wa Madam ba shi ne halin da farautar take ciki. Ƙauyensu da ƙauyen ƙetaren rafi tare suke fita da rani tun kaka da kakanni, kuma tare suke fasa wa juna kai. Dalilin shi ne ƙwace. A al'adarsu, nama na wanda ya fara buge shi ne, amma in ƙato ya ji ƙarfinsa, sai ya zo ya tsallaka naman, ya tsaya a kansa ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Wannan tsayuwar magana ce, ma'anarta nama ya zama nawa, mai ja ya matso. Daga nan sai gora da barandami. An yi shekarar da aka ɗauko mutum a kan ƙyauren ƙofa, hukuma ta hana farautar gaba ɗaya.

Surukina ne ya yi ta sintiri wajen hakimi har aka sake buɗewa. A gaban hakimi da 'yan sanda da manyan ƙauyukan biyu ya ɗauki alkawari da bakinsa: ba bindiga, ba adda, ba shiga can cikin daji inda miyagu suke, kuma ba ƙwace. In jini ya zuba, a rufe, a kama shi. Mutanen ƙetaren rafi sun yarda ne saboda shi ya faɗa. Tsohon ba shi da shanu masu yawa, ba shi da gidan bulo. Maganarsa ita ce dukiyarsa, kuma a kanta farautar take tsaye. Duk na san wannan.

Na kuma san wani abu. Suruki ba ya iya ce wa mijin 'yarsa a'a ido da ido, musamman in bai taɓa roƙonsa komai ba. Kunya ba ta bari. Da wannan na yi amfani. Na sayi goro, na je, na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa a ƙofar zaure. Na ce baƙi ne masu son ganin al'ada, ba za su taɓa komai ba. Ba ya kiran sunana, ni ma ba na kallon idonsa.

"To," ya ce. "Baƙonka baƙona na. Amma su tsaya bayana."

Saura nama. Na san inda aka yarda su yi farauta ba abin da ya rage sai zomo da kurege da gafiya, in an yi sa'a zabon daji. Baƙon da ya taso daga Legas ba zai gode wa gafiya ba. Sai na tuna da gidan wani Alhaji a Tambuwal inda ake kiwon barewa. Uwargidansa ce ta raine ta tun tana 'yar ƙarama, da dusa da ƙanzo, tana kwana a gindin turmi. Ta fara cin kayan miyar maƙwabta, suna neman rabuwa da ita. Na saye ta, na ce wani mai gidan gona zan kai wa. Da na kawo ta gida na ga an sa mata lalle a ƙafafun gaba, ja wur, irin wasan da mata ke yi wa dabbar da suke so. A wuyanta kuma igiya ta cinye gashi ta bar zobe. Na goge lallen da toka, na goge da sabulu, bai fita ba. Sai na shafe ƙafafun da laka. Matata ta tambaye ni me barewa take yi a gidanmu, na daka mata tsawa. Barewar tana ta lasar mini hannu ina wannan aikin.

Ranar farauta da sassafe, abokina, wannan mai giɓin, ya ɗaure ta a bayan babur ya kai ta wani kurmin sabara da na san za a bi. Muka shirya in ya ji kiɗa ya matso, ya kwance ta, ya zabga mata bulala, shi kuma ya ɓace. Ni na goyo baƙon, direban motar da ta kawo shi ya biyo mu da abokin tafiyar baƙon a wani babur. Saurayi ne mai fara'a, yana ta kirana yayansa da Turanci. Yana da kyamara biyu, babba a hannunsa, ƙarama a kan sanda.

An taru a bakin rafi da hantsi. Mutanen surukina a wannan gefe, na ƙetare a wancan, karnuka suna ta jan igiya. A gaban na ƙetare akwai wani ƙato, baƙi, mai warki da kambuna har gwiwar hannu, wanda a da shi ne gwanin ƙwace. Ya dubi baƙina sama da ƙasa, ya tambayi surukina ko yanzu har da 'yan kallo ake farauta, ko kuwa su ma naman ne. Aka yi dariya. Tsohon ya ce baƙinsa ne, ya busa ƙaho, aka jera aka shiga.

Har rana ta ɗaga ba a samu komai ba sai zomaye. Baƙon ya fara duba agogo yana tambayata ina babban naman. Na ce ya yi haƙuri, dajin nan na san shi.

Muna dosar kurmin sabara sai ga ta ta fito. Duka ƙauyukan biyu suka ɗauki ihu, an daɗe ba a ga barewa a wannan wurin ba. Mai ganga ya canza kiɗa, aka saki karnuka. Ni a lissafina za ta zura da gudu, karnuka su bi ta, wani ya jefe ta da sanda, baƙo ya ɗauka, kowa ya koma gida. Ban taɓa tunanin abin da dabbar gida take yi in ta tsorata ba. Ba daji take nufa ba, mutane take nufa. Ta yi tsalle biyu, ta ga karnuka, ta juyo da gudu ta shigo tsakiyarmu, ta je ta cusa kanta a cikin rigar surukina tana rawar jiki.

Ciyawa ta goge lakar. Daga inda nake tsaye ina hango jan lallen. Tsohon ya duba ƙafafun, ya shafa wuyan, ya ɗago hannu.

"Ku dakata! Wagga ta gida ta!"

Ba wanda ya ji shi, ganga tana tashi, karnuka suna haushi. Dabbar gida ba nama ba ce a wurin mafarauci, dukiyar wani ce, wanda ya kashe ta ɓarawo ne. Karnuka sun iso, wani har ya cafki cinyarta. Sai tsohon ya yi abin da duk mai kare dabba zai yi. Ya danne ta ƙasa, ya tsallaka ta, ya tsaya a kanta ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yana korar karnuka da sanda.

Mutanen ƙetare ba su ga lalle ba. Abin da suka gani shi ne mutumin da ya rantse a gaban hakimi cewa ba ƙwace, ga shi tsaye a kan nama tun kafin kowa ya buge shi, a gaban baƙinsa masu kyamara. Ganga ta tsaya. Ƙaton ya tako a hankali.

"Tsoho," ya ce, "kai kac ce ba ƙwace."

Surukina ya buɗe baki zai yi bayani, wani daga bayansa, cikin mutanenmu, ya yi wa ƙaton kirarin raini ya kai masa sanda a kafaɗa. Shi ke nan.

Na yi faɗa a tasha, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ba zagi, ba cacar baki, sai ƙarar gora a kan ƙashi, kamar ana sussukar dawa. Wani ya faɗi a gabana, goshinsa ya rabe, jini ya rufe masa ido yana lalube. Karnuka suka rikice suna cizon kowa. Addunan da aka ce ba a zo da su ba suka fito daga cikin riguna. Na ga an sare wa wani saurayi yatsu yana riƙe da sandarsa, sandar ta faɗi da su. Abokin baƙon ya ruga ya faɗa cikin geza. Shi kuwa baƙon ya ja da baya yana ɗauka da babbar kyamara, ya cusa mini ƙaramar a hannu, ya ce in matsa kusa, kada in sauke.

Na matsa. Ban sauke ba.

Ga abin da nake so a sani. Tsakanina da surukina bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ni ne mutum ɗaya a wurin da zai iya shiga tsakani ya ce ni na sayo ta, ga gidan da na sayo ta, ku dubi ƙafarta. Ko ba su ji ba, ina da ƙarfi, na saba da duka, da na rufe shi da jikina. Sandar da ke hannuna ma ta ƙarfe ce. Amma na tsaya ina kallonsa ta cikin ɗan gilashin nan, ina gyara hannu don ya fito a tsakiya. Na saba. Abin da na yi ta yi ke nan a gaban maƙera da masu daka.

Har lokacin tsohon yana tsaye a kan barewar. Ƙaton ya ɗaga gora da hannu biyu, tsohon ya tare da damansa. Na ji ƙarar karyewar. Hannun ya lanƙwashe a inda ba gaɓa. Bai yi ihu ba, ya durƙusa a kan dabbar, aka ƙara masa a baya, aka ƙara. Da ya juyo da fuskarsa gefe, ni ya kalla. Ɗan ƙanen tsohon ya zo ta baya ya sari ƙaton a kunne, kunnen ya rataya a wuyansa. Barewar kuma karnuka suka janye ta daga ƙarƙashin tsohon suka yayyaga. Ba wanda ya ci namanta.

Abin da ya raba faɗan gajiya ce da ganin jini. Aka kwashi mutane a babura zuwa asibiti a Tambuwal. Allah ya sa ba a rasa rai ba. Ni baƙona na goya na fitar, ba surukina ba. A hanya yana ta cewa bai taɓa ganin abu na gaskiya irin wannan ba. A masauki ya rungume ni.

Da aka kira zama a gaban hakimi, an kawo tsohon da hannu a ɗaure cikin karan ɗori. Aka tambaye shi ko ya tsallaka nama. Ya ce ya tsallaka. Aka tambaye shi wa ya kawo baƙi, ya ce baƙinsa ne. Ya ce barewar ta gida ce, mutanen ƙetare suka yi tsaki, suka ce a nuna musu ita. Ba abin nunawa. Ina zaune a bayan taro, ban tashi na faɗi wanda ya sayo ta ba. Aka rufe farauta. Saboda shekarunsa da raunin da ke jikinsa ba a tsare shi ba, amma a nan ya ciro ƙahon daga wuyansa da hannun hagu ya ajiye a gaban hakimi. A kasuwa aka fara kiransa tsoho mai baki biyu.

Ba a daɗe ba bidiyon ya fito. Kowace waya a tasha tana da shi. Wurin da aka fi maimaitawa shi ne na karyewar hannun, kuma wannan ba daga babbar kyamara ya fito ba.

Na kai matata ta duba mahaifinta bayan an kwance ɗorin, ƙashin ya haɗe a karkace. Na durƙusa a ƙofar zaure kamar kullum. Ya amsa gaisuwata da kyau, ya tambayi aiki, ya tambayi yara. Sannan ya juya wajen 'yarsa, ya yi mata magana kamar ba na wurin.

"Ki ce ma maigidanki, lalle ba shi fita da laka."

Ta dube ni. Ita ta ga barewar a gidanmu, tun ranar ta sani, ba ta dai faɗa ba.

"Ki kuma ce mishi an nuna mani abin ga waya. Hannunshi bai yi rawa ba."

Sai ya sa aka kawo mini fura.

Ranar kasuwar mutanen ƙetare ta gaba na hau babur na ƙetare rafi. Na samu ƙaton a rumfar mahauta, da rabin kunne. A gaban mutane na faɗi komai, gidan da na sayo ta, da lakar, da wanda ya kwance ta. Na ce tsohon kare ta yake yi. Ya saurare ni har na gama, ya tashi ya kwaɗa mini mari ɗaya da ya zaunar da ni a cikin jinin yanka, ya sa ƙafa ya taka mini wuya har na fara ganin duhu. Mahauta suka janye shi. Wannan ne karo na farko a rayuwata da aka buge ni ban rama ba. Daga nan na wuce wajen hakimi na maimaita. Ya kira ni da sunan da na cancanta, ya ce in tashi in ba shi wuri.

An daina kiran surukina mai baki biyu. Ƙaton da kansa ya je ya gaishe shi. Hakimi ya aika wa tsohon da ƙahon, ya mayar, ya ce mai busa ƙaho da dama yake riƙe sanda. Farauta ba a sake buɗe ta ba. Karnukan ƙauyen sun yi ƙiba, samarin da ke fita da su yawancinsu sun tafi ci-rani kudu.

Masaukin bakin titi yanzu ya ƙara ɗakuna. Baƙi suna zuwa, wasu 'yan kabu-kabun ke kai su, na ji suna ce wa mai tatsa ta sake. Ni na koma ɗaukar tsofaffi da buhunan gero. Madam takan kira lokaci-lokaci, ta ce mutane suna ta tambayar wurin da aka yi faɗan nan, ko za a sake fita bana. Ba na ɗauka. Amma tunda gaskiya na zauna faɗa, lambarta tana nan a wayata ban goge ba, kuma ranar da kasuwa ta yi sanyi nakan tsaya ina kallonta.